Darasin Zamantakewa: Wa Ke Riƙe Da Birni Da Kewaye?

  

Abin da ya jawo darasin wannan fitowar shi ne kukan da wata ɗalibata ta ajin matan aure ta kawo mini. Damina biyu ke nan ruwa yana shiga musu gida, saboda babbar kwatar da ta ratsa bayan layinsu ta toshe. Maigidanta ya kai ƙara wani ofis, aka ce masa wannan ba aikinsu ba ne. Ya je na biyu, suka ce ai toshewar ba a yankinsu take ba, tana can gaba a wata ƙaramar hukuma. Sai ta ce da ni, "Malama, to wai shi garin nan a hannun wa yake?" Wallahi tambaya ce mai kyau, kuma da yawanmu ba mu san amsarta ba.

Mu ɗauki Kano a matsayin misali. A baki muna cewa gari ɗaya ne, amma a takarda abin da ake kira birni da kewaye ƙananan hukumomi takwas ne daga cikin 44 na jihar: Birni, Dala, Gwale, Fagge, Nasarawa, Tarauni, Kumbotso da Ungogo. Ƙidayar 2006 ta ba su mutum sama da miliyan 2.8, kuma kowa ya san yadda unguwanni suka bazu tun daga lokacin. Kowace tana da shugabanta da kansilolinta da iyakarta. Mace za ta iya kwana a Kumbotso, ta yi sari a Kantin Kwari, ta kai yaro asibiti a cikin Birni, duk kafin la'asar. Ta ratsa hukumomi uku ba ta ma sani ba.

To shi ruwa bai san iyaka ba. Ku dubi Jakara. Tana tasowa daga cikin gari, ta kwashi ƙazantar unguwanni, ta haɗu da Getsi mai ɗauke da ruwan masana'antun Bompai, ta zarce har dam ɗin Wasai a Minjibir. A kan hanyar nan masu lambu suna ban ruwa da ita. Alayyahu da salak ɗin da aka noma su dawo kasuwa, mu saya mu kai kicin. Ke nan ledar da kika jefa a kwata da safe ba ta tsaya a ƙofar gidanki ba, kuma babu wani shugaban ƙaramar hukuma guda da zai iya gyara Jakara shi kaɗai. Haka ruwan famfo. Matatar Tamburawa tana cikin Dawakin Kudu, ruwan da take tacewa kuma daga madatsar Tiga ake sako shi, nesa da gari sosai. Wannan ba sabon abu ba ne a tarihin Musulunci. Zubaida matar Halifa Haruna Rashid, da ta ga wahalar ruwa a Makka, daga wajen gari ta sa aka jawo shi ta magudana mai tsawo, har yau ana kiran aikin da sunanta.

Saboda irin wannan ne gwamnatin jiha ta riƙe manyan ayyukan birni a hannunta, ta hanyar hukumomin da ke aiki a kan ƙananan hukumomin duka. Izinin gini da tsara unguwanni yana hannun KNUPDA. Kwashe shara yana hannun REMASAB. Zirga-zirgar tituna tana hannun KAROTA, wadda aka kafa a 2012. Ruwan famfo yana hannun hukumar ruwa ta jiha. Fili kuwa, dokar filaye ta 1978 ta sa duk ƙasar da ke cikin birni a ƙarƙashin ikon gwamna, ita ƙaramar hukuma ikonta a kan filayen karkara yake. 'Yar uwa, idan kina adashi don sayen fili, ki riƙe wannan da kyau. Takardar ciniki da sa hannun mai unguwa shaida ce ta saye, amma ba ita ce izinin gini ba, kuma ba za ta hana rusau ba idan filin a kan hanyar ruwa yake.

Mun ga yadda shawara ɗaya take shafar garin baki ɗaya. A 2005 aka kawo A Daidaita Sahu musamman don ɗaukar mata, a Janairun 2013 kuma aka hana acaɓa ɗaukar fasinja a birni da kewaye. Da kowace ƙaramar hukuma ce ke yin tata dokar, da sai ki sauka daga abin hawa a kan kowace iyaka.

Amma fa akwai inda gizo ke saƙar. Tsarin mulki na 1999 ya lissafa shara da kasuwanni da tashoshin mota da maƙabartu da sa wa tituna suna a cikin ayyukan ƙaramar hukuma. Ga kuma hukumar jiha tana yin wasu daga cikinsu. Aiki idan ya zama na mutum biyu, sau da yawa sai ya zama ba na kowa ba. Sannan shugabannin waɗannan hukumomi naɗa su ake yi, ba mu muka zaɓe su ba, gwamnan da ya naɗa su kuma yana da sauran ƙananan hukumomi 36 a wuyansa. A Landan, tun shekarar 2000 suna zaɓen magajin gari guda ɗaya da ke kula da sufuri da tsarin birnin duka, a saman ƙananan hukumominsu 32. Mu ba mu da irin wannan kujera. A ganina wannan giɓi ne babba. Hukuncin da Kotun Ƙoli ta yanke a Yulin 2024, cewa a riƙa ba ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye, ko an aiwatar da shi sosai ba zai toshe wannan giɓin ba, domin kwatar da ta ratsa hukumomi uku tana nan tana ratsa su.

Wata za ta ce, ina ruwan matar da ke cikin gida da wannan? Ai mu ne ruwan yake fara samu. Mu ke kwashe kayan ɗaki cikin dare, mu ke jinyar yaro idan amai da gudawa ya ɓarke, mu ke lissafin kuɗin mai ruwa. Kuma addininmu ya sanya gusar da abin cutarwa daga hanya a cikin rassan imani. Ƙungiyarmu tana da rassa a unguwanni daban-daban, abin da shi kansila ba shi da shi. Idan matan unguwar da ruwan ya taso da matan unguwar da yake kwanciya suka rubuta takarda ɗaya, masu unguwanninsu suka sa hannu, aka kai wa hukumar jiha da abin ya shafa da kwafi ga kowace ƙaramar hukuma, zai yi wuya a ce musu su je gaba. Shawarar da na ba ɗalibata ke nan, kuma sun fara tattara sunaye.

Aikin gida: kowace ta tambayi maigida ko mai unguwa sunan mazaɓarta da na kansilanta, ta kuma bincika inda kwatar layinsu take zuba. A kawo amsa ga amirar reshe kafin taron wata mai zuwa, in Allah ya kai mu.