Littafin "Sirrin Arziki" Ba Ya Biyan Bashin Banki

Da wuya wata ya wuce ba a samu matashin da ya rubuto wa wannan shafi da tambaya iri ɗaya ba: ya sauke Rich Dad Poor Dad, ya kusa haddace The 48 Laws of Power, amma shagon da ya buɗe bara ya cinye jari. Wane littafi zai ƙara? Da an tambaye shi cinikin watan jiya, ko nawa ke hannun masu karɓar kaya bashi, sai ya ce ai duk suna kansa. Abin ya ishi mai shafin.

Tushen matsalar bai wuce jerin nan da ke yawo a WhatsApp ba, wai littattafai goma da kowane attajiri ya karanta kafin ya kuɗance. Babu wannan magana. Napoleon Hill, mai Think and Grow Rich na 1937, ya ce hamshaƙin nan Andrew Carnegie ne ya ɗora masa aikin, amma masu binciken tarihin Carnegie ba su ga shaidar cewa sun ma taɓa haɗuwa ba. Robert Kiyosaki, wanda ya fitar da Rich Dad a 1997, wani kamfaninsa mai suna Rich Global ya shelanta karayar arziki a 2012, bayan kotu ta yanke masa biyan kusan dala miliyan 24. Hatta Good to Great na Jim Collins, wanda ya fi waɗannan nauyin bincike, bai tsira ba. Cikin kamfanoni 11 da ya yaba a 2001, Circuit City ya durƙushe a 2008, gwamnatin Amurka kuma ta karɓe ragamar Fannie Mae a shekarar.

Inda abin ya fi ciwo shi ne batun bashi. Kiyosaki yana koyar da cewa akwai bashi mai kyau: mutum ya ranto kuɗi ya sayi gida, haya ta riƙa biya. Ba'amurke ne ke yi wa Amurkawa magana, a ƙasar da ake ba da bashin gida na shekara 30 da ruwan da ba ya motsi, wanda a 2021 yake wajen kashi 3 cikin ɗari. A Najeriya kuwa, ma'aunin ruwa na Babban Banki ya kai kashi 27.5 a Nuwamban 2024, bankunan kasuwanci kuma sama da haka suke ɗorawa. Wanda ya ranci naira miliyan ɗaya a kan kashi 30, dubu 300 ta hau kansa a shekara tun bai biya hayar shago ba, bai sayi man janareto ba. Wace sana'ar ɗan tireda ce za ta ɗauki wannan? Ga kuma hukuncin riba. Duk da haka sai a ga yaro ya jinginar da filin gado saboda babi ɗaya da ya karanta a mota. Kada a ci bashi da hujjar littafin da aka rubuta don wata kasuwa. Mai shafin ya sha faɗa, zai kuma ci gaba da faɗa.

To, me za a karanta? Mai ƙaramar sana'a ya nemi The E-Myth Revisited na Michael Gerber, na 1995. Maganarsa ɗaya ce, kuma ta isa: iya ɗinki daban, iya tafiyar da shagon ɗinki daban. Wanda ke da ma'aikata a ƙarƙashinsa ya ɗauki The Effective Executive na Peter Drucker, wanda ya girmi yawancin masu karanta wannan shafi, ya fara da aikin da ya bayar na rubuta inda lokacin mutum ke tafiya. Littafi ɗaya a wata uku ya wadatar, muddin akwai littafin shiga da fita kusa da shi.

Shugabanci kuwa, abin kunya ne a ce ɗan Kano ya san Robert Greene, mai The 48 Laws of Power, bai san Al-Maghili ba, wanda ya rubuta wa Sarki Muhammadu Rumfa Tajuddini tun ƙarni na 15, yana ta nanata haɗarin shugaba ya ɓuya wa jama'arsa. A Kanon dai Abdullahi ɗan Fodiyo ya rubuta Diya'ul Hukkam da mutanen gari suka roƙe shi. Muhammadu Bello ya aika wa Umaru Dallaji na Katsina Usulus Siyasa, inda ya sa kula da masu sana'a, kasuwanni da hanyoyi cikin aikin mai mulki. Jami'o'in da ke koyar da darasin dogaro da kai da 'yan takardun haddar jarrabawa ba su da uzurin tsallake waɗannan. Wanda Larabci ya yi wa nauyi ya nemi littafin Dakta Mahmud Tukur na 1999, Leadership and Governance in Nigeria, wanda ya warware da Turanci tunanin shugabannin Sakkwato a kan mulki.