Zama da Neman Abinci a Garin da Injinansa Suka Tsaya

Duk wanda ya tashi a ƙasar Haɗeja ya san Malam Madori, ya kuma ji labarin Nguru ko da bai taɓa zuwa ba. Jirgin ƙasa ne ya cika garuruwan nan biyu da jama'a. Dogo ya iso Kano a 1911. Daga baya aka ja masa reshe ya yi gabas, ya bi ta Ringim, ya ratsa Malam Madori da Birniwa, ya tsaya a Nguru a 1930. Tsawonsa kimanin kilomita 230 ne. An shimfiɗa shi don kwasar gyaɗa da auduga da ƙaro da fatu zuwa bakin teku.

Da kaka ta yi, manoman Kafin Hausa da Auyo da Haɗeja sukan ɗora gyaɗa a kan jakuna da raƙuma su nufi tasha. A can ake aunawa a sikeli, a ɗure a buhu, a jibge, a jira jirgi. Aikin ya ciyar da 'yan dako, da masu ɗinkin buhu, da akawu, da dillalai, da mata masu tuwon sayarwa. Nguru ta fi yin nisa a harkar. Tsohon suna ne a tarihin Barno, domin nan ne mazaunin Galadima, amma da dogo ya ƙare a wurin sai ta zama matattarar kayan gabas duka. Ana yanka shanu, a busar da nama a loda shi zuwa kudu. Daga baya aka kafa masana'antar matsar man gyaɗa. Mutane suka zo daga nesa, suka kama haya, wasu suka gina gidaje suka zauna.

Abin bai ɗore ba. Farin 1973 ya ƙone gonaki ya kashe dabbobi. A 1975 cutar da manoma ke kira kuturun gyaɗa ta cinye abin da ya rage. Kuɗin man fetur ya ɗauke hankalin gwamnati daga noma. A 1986 aka rushe hukumomin sayen amfanin gona, waɗanda su ne ke yanka farashi su kwashi kaya. Manyan motoci suka ƙwace lodi daga hannun jirgi, jirgin ya yi ta ja baya har ya zama abin kallo idan ya wuce. Injinan matsar mai na Nguru suka tsaya.

Ba mu kaɗai abin ya sama ba. A Kaduna, masaƙar KTL da aka buɗe a 1957 ta rufe a 2002, ta UNTL ta bi bayanta a 2007, dubban ma'aikata suka koma gida a Kakuri da Makera. Rashin wutar lantarki da tsadar man injin da atamfar fasa-ƙwauri suka taru suka kayar da su. Har a Ingila, garuruwan Lankasha da ake kai wa audugarmu sun ga masaƙunsu na rufewa ɗaya bayan ɗaya, samarinsu suka watse neman aiki.

To, mutane ba su ƙare a Malam Madori da Nguru ba. Ana haihuwa, ana aure, kasuwa na ci. Kuma mai ƙaramin ƙarfi yana iya rufin asirinsa a irin waɗannan garuruwa fiye da yadda zai yi a Kano ko Abuja, idan ya san lissafin zamansa. Lissafin nan shi ne darasinmu.

Me ya sa zama ke da sauƙi a garin da masana'antarsa ta mutu? Kuɗin haya yana bin aljihun masu haya ne. Lokacin da ake biyan albashi duk wata, an gina ɗakuna da shaguna da yawa. Da albashi ya yanke, masu neman ɗaki suka ragu, ɗakunan kuwa suna nan. Dole mai gida ya sauke farashi. Abinci ma yana kusa da gonarsa, bai sha kuɗin mota mai yawa ba kafin ya iso kwano. Garin kuma ba shi da faɗi, da ƙafa ko keke mutum zai je wurin aikinsa. Wannan na ƙarshe ya ƙara muhimmanci tun watan Mayu na 2023 da aka cire tallafin man fetur, kuɗin mota ya yi tashin gwauron zabo. A nan Kafin Hausa mun ga ɗaya gefen maganar da idonmu. Da aka kafa jami'a a 2013, wadda yanzu ake kira Jami'ar Sule Lamido, malamai da ɗalibai suka shigo, ɗakin haya da fili suka yi daraja.

Sai dai a kula. Dalilin arahar shi ne ƙarancin kuɗi a hannun jama'a, kuma su ne za su sayi kayanka ko su ba ka aiki. Saboda haka kada ka tambayi nawa ne haya kawai. Ka tambayi nawa zai rage a hannunka bayan ka biya komai.

Ɗauko littafinka da fensir. Ja layi daga sama zuwa ƙasa, ka raba shafi biyu. Lambobin da za mu sa na koyon lissafi ne, kai za ka musanya su da na gaskiya idan ka tambayo.

A ce wa da ƙane ne. Wan yana aiki a Kano, yana karɓar naira 90,000 a wata. Haya na cin 20,000, kuɗin mota 24,000, cefane 40,000, ruwa da wuta 5,000. Haɗa su: 89,000. Cire daga 90,000. Saura 1,000. Ƙanen yana Malam Madori, yana aiki a injin casar shinkafa, yana samun 60,000. Hayarsa 6,000, gyaran keke 2,000, cefane 35,000, ruwa da wuta 3,000. Haɗa su: 46,000. Cire daga 60,000. Saura 14,000. Ka ga wanda ake yi wa kallon mai babban albashi shi ne hannunsa ya fi bushewa a ƙarshen wata.

Amma lissafin bai ƙare ba, kuma a nan mutane da yawa suke faɗawa rami. Albashin wan yana zuwa wata 12. Aikin ƙanen yana bin kaka ne. A ce wata 8 injin yana aiki sosai, sauran wata 4 kuma 25,000 kaɗai yake samu. A watannin samu ya tara 14,000 sau 8, wato 112,000. A watannin rashi kashewarsa tana nan 46,000, kowane wata yana da giɓin 21,000. Sau 4 ya zama 84,000. Cire 84,000 daga 112,000, saura 28,000 a shekara. Wan kuwa 1,000 sau 12, wato 12,000. Har yanzu ƙanen ne a gaba, amma da sharaɗi: sai in ya ajiye rarar kaka bai taɓa ba. In ya kashe ta a biki ko sabuwar waya, damina za ta same shi yana cin bashin hatsi, ya biya da tsada. Don haka a irin wannan gari shekara ake lissafawa. Mai hankali yakan sayi buhunan abincinsa da kaka lokacin da hatsi ke ƙasa, ya shiga adashe da mutanen da ya yarda da su, ko ya sa rarar a akuya ko tunkiya da zai iya sayarwa ran buƙata.

Wane aiki ne ake samu? Babban injin ya tsaya, amma kayan da suka jawo shi suna nan, har an sami ƙari. Fadamar kogin Haɗeja tana ba da shinkafa da alkama da albasa da tattasai da kifi. Aikin noman rani na kwarin Haɗeja da ke wajen Auyo, wanda aka ƙaddamar a 2023, ya ƙara yawan shinkafar da ke fitowa. Tudu kuma yana ba da riɗi da zoɓo, waɗanda 'yan kasuwa ke fitarwa ƙasashen waje. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan yana bukatar hannu tsakanin gona da kasuwa. Shinkafa sai an turara, an shanya, an cashe. Riɗi da zoɓo sai an tsince, an sheƙe, an ɗure. Kifi sai an yi banda. Mata sun daɗe da riƙe wani ɓangare na aikin da masana'antar Nguru ta bari, suna soya gyaɗa su matse mai su yi ƙuliƙuli a cikin gida. 'Yar'uwa mai karatu, in wannan ce sana'arki, ki rubuta kuɗin gyaɗa da itace da niƙa a gefe ɗaya, kuɗin mai da ƙuli a ɗaya gefen. Ki ware uwar kuɗi daban, kada cefanen gida ya cinye ta.

In saurayi ya tambaye ni sana'ar da zai koya, gyaran injin ban ruwa zan fara ambata masa. Duk fadamar nan cike take da waɗannan ƙananan injina. Ranar da na manomi ya tsaya shinkafarsa na neman ruwa, ba ya jayayya da kuɗin gyara. Wanda ya iya wannan, ya haɗa da gyaran injin niƙa da janareta, ya kuma koyi haɗa sola da yanzu manoma ke komawa gare ta saboda tsadar mai, ba zai zauna banza ba rani ko damina. Walda ma haka, don ƙofa da taga da amalanke ba sa ƙarewa. Abin da ba na so shi ne matashi ya kwashi jarinsa duka ya buɗe irin shagon da ya riga ya cika layi. A garin da kuɗi ke da ƙaranci, shagon cajin waya na biyar a titi ɗaya yunwa zai raba da huɗun farko.

Akwai kuma masu zaman jiran ranar da za a sake kunna injin. Kusan duk kakar zaɓe akan ji alkawarin farfaɗo da masana'antu da jirgin ƙasa. Muna roƙon Allah ya tabbatar. Amma magidanci ba zai ciyar da iyali da alkawari ba. Ko da an buɗe, injinan zamani ba sa ɗaukar leburori da yawa kamar na da, kuma waɗanda suka iya karatu da lissafi da wata sana'a za a fara kira. Zamanka a ajin nan na koyon karatu da lissafi shiri ne na wannan rana.

In ka yi niyyar komawa irin wannan gari, kafin ka kwashe iyali, je ka kai kaɗai ka yi ci-rani guda. Sauka wurin ɗan'uwa ko ɗan garinku. Ka ga kasuwa ranar cinta, ka gan ta kuma ranar da ba ta ci, don ranar kasuwa kowane gari mai arziki ne. Tambayi nawa 'yan garuwa ke sayar da jarka. Duba nisan makarantar yara da asibiti. Nguru tana da cibiyar lafiya ta gwamnatin tarayya, Haɗeja tana da babban asibiti kusa da Malam Madori, kuma wannan ba ƙaramin abu ba ne ga mai mace mai ciki ko tsoho a gida.

Wajen kama gida, arahar da ta yi yawa tana da dalili. A ƙasarmu dalilin sau da yawa ruwa ne. Wanda ya ga ambaliyar 2022 ya san yadda gidajen ƙasa suka zube a garuruwan bakin kogi. Dubi gindin katanga, ruwa yakan bar zane inda ya kai. Tambayi maƙwabta, ba dillali kaɗai ba, ina ruwa ya tsaya a waccan shekara. In fili za ka saya, ka yi hattara da wanda ke gefen dogo ko cikin harabar tsohuwar masana'anta. Jirgi ya daina wucewa ba ya nufin filin ya rasa mai shi. Na hukumar jiragen ƙasa ne ko na gwamnati, kuma ranar da suka tashi bukatarsa gininka ne zai tafi. Je wurin mai unguwa, je ofishin filaye na ƙaramar hukuma, ka ga takarda da idonka kafin ka fito da ko kwabo.

Haya ma kada ka biya da baki kawai, ko da mai gidan mutumin kirki ne, domin magadansa ba su san abin da kuka yi ba. A rubuta rasit. A sa sunan mai gida da naka, da unguwa, da yawan ɗakuna. A rubuta kuɗin sau biyu, da lamba da kalmomi, kamar haka: 72,000, naira dubu saba'in da biyu. A sa ranar da haya ta fara da ranar da za ta ƙare. A faɗi wanda zai gyara rufi in ya yi yoyo, da wanda zai yashe masai. Shaidu biyu su sa hannu. Karanta takardar da kanka daga sama har ƙasa. In akwai kalmar da ta gagare ka, kawo ta aji malam ya karanta maka a gaban 'yan'uwa, sa'an nan ka koma ka sa hannu, ka karɓi kwafinka.