Dawson, Garin Zinariya

Yau karatunmu zai kai mu nesa. Za mu je arewacin ƙasar Kanada, wani lardi da ake kira Yukon, kusa da iyakar Alaska. Ƙasa ce mai tsananin sanyi. Da hunturu koguna sukan daskare, har mutum ya taka ya haye. Saboda haka matafiya sun fi zuwa cikin watan Yuni ko Yuli. A lokacin nan rana takan daɗe ba ta faɗi ba, har tsakar dare da sauran haske.

Mu shiga mota a Whitehorse, babban birnin lardin. Daga nan zuwa Dawson wajen mil 330 ne, tafiyar yini guda. Hanya ta ratsa daji da duwatsu, ƙauyuka kuwa kaɗan ne. Direba mai hankali ba ya wuce gidan mai sai ya cika tanki.

To, ga mu a Dawson. Garin yana daidai inda kogin Klondike ya haɗu da kogin Yukon. Yawancin titunan cikin gari ba kwalta. Gidajen na katako ne, an kuma shimfiɗa katako a gefen titi don masu tafiya a ƙasa, saboda taɓo. Ga waɗansu tsofaffin gidaje sun karkace, sun jingina da juna. Me ya sa? Ƙasar da ke ƙarƙashinsu daskararriya ce rani da damina. Ɗumin gida ya narkar da ita, sai gindin gida ya nutse. A bakin kogi kuma ga wani tsohon jirgin ruwa mai suna Keno, an ajiye shi a tudu don masu kallo. Kafin a yi hanyar mota, irinsa ne ke kawo kaya.

Me ya kawo mutane wannan wuri mai nisa? Zinariya ce. Ran 16 ga Agusta, 1896, wani mutum mai suna Skookum Jim da surukinsa George Carmack da 'yan uwansu suka tsinci zinariya a wani rafi kusa da nan. Rafin ne ake kira Bonanza. Cikin Yuli 1897 labari ya isa biranen Amurka. Ma'aikata suka bar aiki, manoma suka bar gona, kowa ya nufi arewa.

Hukumar Kanada ta ce ba mai shiga sai da abincin shekara guda. Kayan mutum ɗaya ya kai wajen tan guda. Haka suka yi ta jidarsa a baya, suna hawan duwatsu cikin ƙanƙara, su kai su dawo su ɗauki wani. Da suka isa kuma sai sun hura wuta ta narkar da ƙasa kafin su iya haƙa.

Wurin yana da masu shi tun da. Wata ƙabila ce mai suna Tr'ondëk Hwëch'in, masu kamun kifi da farauta. Da baƙi suka yi yawa, sarkinsu Isaac ya kwashe jama'arsa suka koma Moosehide, gaba kaɗan a bakin kogi. Jikokinsu suna nan Dawson har yau.

Masana tarihi sun ƙiyasta mutum 100,000 suka tashi. Waɗanda suka isa ba su wuce 40,000 ba. Yawancinsu sun tarar an riga an kama wurare masu kyau. Wajen 4,000 suka sami zinariya, 'yan ɗaruruwa kaɗai suka yi arziki. Masu sayar da abinci da masu masauki kuwa sun ci riba. A 1899 aka ji labarin zinariya a Nome, cikin Alaska, sai dubbai suka watse suka nufi can. A 1953 gwamnatin lardi ta tashi daga Dawson ta koma Whitehorse. A ƙidayar 2021 mutanen garin 1,577 ne.

Kafin mu juya, mu leƙa rafin Bonanza. Akwai wani ƙaton injin haƙa mai kama da jirgin ruwa, wanda ya daina aiki a 1959. Akwai kuma wurin da baƙo zai gwada sa'arsa. Zai ɗebi yashi a tasa, ya zuba ruwa, ya yi ta juyawa. Zinariya ta fi yashi nauyi, saboda haka yashi ya tafi, ita ta kwanta a gindin tasa.

Mu ma akwai zinariya a ƙasarmu, kamar a Zamfara da Birnin Gwari, labarinta kuwa yakan ruɗi samari su bar gona. In irin wannan labari ya zo mana, mu zauna mu yi lissafi tukuna. Nawa suka tafi? Nawa suka samu? Ƙwai a baka ya fi kaza a akurki.

Tambayoyi

1. A wace ƙasa garin Dawson yake?
2. Me ya sa tsofaffin gidajensa suka karkace?
3. In mutum 4,000 suka samu cikin 100,000, nawa ke nan cikin kowane 100?
4. Rubuta wa ƙanenka wasiƙa, ka ba shi shawara kafin ya tafi haƙar zinariya.