Darasi daga Gadabeji: yadda makiyayi ke rayuwa a dajin da ya haɗa shi da namun dawa

Darasinmu na wannan karo ya shafi wata tambaya da nake yawan ji a tarurrukan ƙungiya: me ya haɗa lafiyar garke da itace, ciyawa da namun dawa? Zan ɗauki misalin Gadabeji, a yankin Bermo cikin jahar Maraɗi, domin a can abubuwan nan duka suna wuri guda.

Wurin da muke magana a kai

An keɓe gandun dajin Gadabeji a 1955, kuma faɗinsa hekta 76,000 ne. A 2017 hukumar UNESCO ta sa shi cikin jerin wuraren da ake kare halittu tare da mutanen da ke zaune a kewaye. Tsarin irin waɗannan wurare kashi uku ne: tsakiya da aka tsare sosai, sai zoben da ke kare ta, sai kuma fili mai faɗi inda Fulani, Abzinawa da Hausawa ke gudanar da rayuwarsu.

Ruwan sama a nan bai cika wuce milimita 300 zuwa 400 a shekara ba, kuma galibinsa yana sauka ne daga Yuli zuwa Satumba. Abin da ya tsiro cikin wata uku shi zai riƙe bisashe wata tara. Duk da haka akwai barewa, dila, jan biri da tsuntsaye iri-iri. A Nuwamba 2018 an kawo raƙuman dawa 8 daga Kure, kusa da Yamai, tafiyar sama da kilomita 800. Raƙumin dawan Nijar ya taɓa raguwa har zuwa 49 a 1996, sannan ya haura 600 bayan shekara ashirin da ƴan kai, a cikin gonaki da makiyayar mutane.

Dabara ta farko: tafiya

Ruwa ba ya sauka daidai ko'ina. Wani kwari zai yi kore, wanda ke kusa da shi ya zauna fayau. Shi ya sa makiyayi ke tura ɗan leƙe kafin ya tada ruga. Da damana a hau arewa, inda ciyawa ke da daɗi, ƙasa ke da gishiri, kamar wajen Ingal, kuma gonaki sun yi nisa. Bayan an ɗauke amfanin gona a gangaro kudu a ci kara da harawa, a bar wa manomi taki.

Tafiyar nan magani ce. Garken da ya daɗe a bakin tafki guda yana sake haɗiye tsutsar cikin da ya zubar da kashi, kaska kuma ta taru a makwanci. Ciyawa ma tana samun sararin zubar da iri idan an ɗaga mata ƙafa. Doka ta san da haka: dokar 1961 ta shata iyakar noma ta arewa, dokar kiwo ta 2010 kuma ta amince cewa tafiya da bisashe haƙƙin makiyayi ne. Duk ƙungiyar da ta ga ana cin burtali, ta kai magana gaban kwamitin kula da filaye na ƙaramar hukumarta tun kafin shuka.

Dabara ta biyu: kada dukiya ta zama iri ɗaya

Saniya da tunkiya ƙasa suke kiwo. Akuya tana cin ganyen ƙananan itatuwa, raƙumi yana kai baki sama. Gidan da ke da su duka yana cin daji hawa-hawa, kuma shekarar da ciyawa ta gaza ba ya rasa nono gaba ɗaya. Bayan farin 1973 da na 1984, gidaje da yawa da awaki suka sake tashi, don akuya na haihuwa bayan wata biyar, saniya kuwa sai wata tara, kuma takan yi jinkiri kafin ta sake ɗauka. Irin namu na gida, kamar saniyar Azawak, jar saniyar Bororo da tumakin Uda, sun saba da doguwar tafiya da ƙishirwa. Haɓɓanaye na Fulani, wato ba ɗan uwa aron saniya har ta haifa masa, shi ma hanyar farfaɗo da wanda fari ya kayar ne.

Dabara ta uku: itace rumbun bazara ne

Daga Maris zuwa Yuni busasshiyar ƙarangiya tana cika ciki, amma ba ta gina jiki sosai. A lokacin ne ganyen aduwa, jiga da magarya, da ƴaƴan kandili da gawo, ke riƙe dabba a tsaye. Gawo yana zubar da ganye da damana, ya yi kore da rani, daidai lokacin buƙata. Anza kuwa mutane ta ceta a shekarun yunwa, bayan an jiƙa ƴaƴanta kwanaki an cire ɗaci. Bisashe ma suna biyan bashi: ƙwayar da ta bi ta cikinsu takan tsiro a inda suka yi kashi.

Roƙona a nan biyu ne. In za a yi sassabe, a ɗebi wasu rassa a bar kan itacen. Sannan a fito aikin share hanyoyin tare gobara da zarar ciyawa ta bushe a Oktoba, domin wutar yini guda tana iya cinye abincin rani duka.

Inda haɗari yake

Zama kusa da namun dawa yana da nasa ciwo, kuma ciwon hanya biyu yake bi.

Ciwon saifa: dabba ta faɗi farat ɗaya, jini baƙi na fita ta hanci ko dubura, ba ya daskarewa. Kada a feɗe, kada a ci, kada a ja fatar. Ƙwayar cutar tana zama a ƙasa shekaru da dama. A ƙone mushen ko a binne shi da zurfi nesa da rijiya, a sanar da likitan dabbobi, a kuma yi allurar rigakafi kowace shekara.

Annobar awaki da tumaki: zazzaɓi, majina, gyambon baki da zawo. Tana iya kama barewa ita ma. Allura ɗaya tana kare dabba shekaru. Duniya ta kawar da bushiya a 2011, kuma ana fatan gamawa da wannan nan da 2030.

Haukan kare: dila da kare suna ɗaukarsa. Dabbar dawa da ta daina tsoron mutum abar tsoro ce. Wanda aka ciza ya wanke wurin da ruwa da sabulu kamar minti 15, ya nufi likita a ranar.

Cin ƙashi: saniyar da ke tauna ƙasusuwan mushe a bazara tana nuna ƙarancin ma'adinai a jikinta, kuma gubar da ke cikin mushe na iya shanye mata ƙafafu. A samar mata dutsen lasa, a kawar da mushe daga makiyaya.

Abu guda da nake roƙon a bari shi ne sa guba a mushe don dila ko kura. Ungulu ne ke fara mutuwa, da yawa a lokaci guda, sai karnukan ruga. Inda ungulu ya ƙare, mushe kan daɗe yana ruɓewa a fili, karnuka su yawaita a kansa. Shinge mai ƙarfi na ƙaya da kwana kusa da ƙananan bisashe sun fi guba amfani.

Tambayoyin zaman ƙungiya

1. Waɗanne itatuwa da ciyayi ne iyayenmu suka sani a makiyayarmu waɗanda yanzu suka yi wuya? Ina garmani ya mamaye?
2. Bisashe nawa aka yi wa allura bana, kuma su wa aka tsallake don suna kan hanya?
3. Wa za a kira idan an tsinci mushe, na gida ko na dawa? Kowa na da lambar likitan dabbobi da ta ma'aikatan gandun daji?
4. Idan ciyawar bana ba za ta kai damana ba, waɗanne dabbobi za mu sayar tun da kaka, suna da ƙiba, kafin farashi ya faɗi?

Sakataren ƙungiya ya rubuta amsoshin, ya ajiye su. Da su za mu fara darasi na gaba, wanda zai yi magana kan tsaftar rijiyoyi da rabon ruwa a lokacin bazara. Allah ya ba mu damana mai albarka.