Rabonku a Kasafin Kuɗi: Shawarwari Tara ga Maigida da Uwargida

Duk ƙarshen shekara sai mu kasa kunne a rediyo mu ji shugaban ƙasa ko gwamna ya kai kasafin kuɗi gaban majalisa: ilimi biliyan kaza, samar da aikin yi biliyan kaza. Kafin mai karanta labarai ya rufe baki, uwargida ta leƙo tana tambayar kuɗin cefane, ga ɗan auta tsaye bakin ƙofa wai an ce kowa ya zo makaranta da kuɗin tsintsiya. Shekara da shekaru ke nan kason ilimi a kasafin gwamnatin tarayya bai kai kashi 10 cikin 100 ba, alhali taron ƙasashen duniya da aka yi a Koriya ta Kudu a 2015 ya ba da shawarar kashi 15 zuwa 20. Wasu jihohi sun fi haka ƙoƙari. Kano, wadda ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilimi a 2024, tana ware wajen kashi 30. Sai dai warewa daban, sakin kuɗi daban. Ɗan abin da ya fito ɗin ma ba ya zuwa gidan kowa da ƙafarsa, sai an bi shi. Ga yadda ake bin sa ba tare da an jingina tukunyar gida a kansa ba.

1. Ku fara gyara takardu tun yaro yana goye.

Kusan duk ƙofar da kuɗin gwamnati ke fitowa yau da takarda ake buɗe ta. Doka ta ce a yi wa jariri rajista da Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa cikin kwana 60 da haihuwa, kuma ma'aikatanta kan zauna a asibitoci da sakatariyar ƙaramar hukuma. Mu kuwa sai a yanka ragon suna, a ci, a watse, takarda sai ranar da buƙata ta taso. To ba a fafe gora ranar tafiya.

Abin da ya fi rashin takardar ɓata wa iyaye rai shi ne saɓanin suna. A takardar firamare an rubuta Muhammad, a katin NIN an rubuta Mohammed, a jarrabawar sakandare an sa sunan kaka a madadin na uba, ranar haihuwa kuwa kowane magatakarda ya sa wadda ta yi masa, yawanci 1 ga Janairu. Tun 2021 hukumar JAMB ba ta yi wa ɗalibi rajista sai da lambar NIN, kuma abin da ke kan lambar shi za ta ɗauka. Na ga ɗan ƙanwata ya yi asarar shekara guda cur a kan harafi biyu, ana kai gwauro ana kai mari tsakanin kotu da ofishin gyara. Ku zauna yau ku tsayar da rubutun sunan kowane yaro da jerinsa da ranar haihuwarsa, ku rubuta a littafi ɗaya, duk inda za a cike fom a kwafa daga nan. A haɗa da takardar shaidar asalin ƙaramar hukuma, a zuba su a leda a bakin akwatin uwargida, don ita ba ta ɓatar da abu. A kuma ɗauki hotonsu a waya saboda gobara da ambaliya.

2. Ku san abin da doka ta ce kyauta ne.

A Sakkwato aka ƙaddamar da shirin ilimin bai-ɗaya a 1999, aka mayar da shi doka a 2004, jihohi kuma suka yi irin tasu. Dokar ta ce shekara tara na farko, shida na firamare da uku na ƙaramar sakandare, kyauta ne kuma dole a makarantar gwamnati. Ta tanadi tarar da ta kai Naira 10,000 ko ɗaurin wata uku ga wanda ya karɓi kuɗin makaranta a wannan mataki. Ba ta kuma bar iyaye ba: wanda ya ƙi sa ɗansa, karon farko gargaɗi, na biyu tarar Naira 2,000 ko wata ɗaya. A 2017 Babbar Kotun Tarayya da ke Abuja ta tabbatar cewa wannan haƙƙi ne da ake iya nema a gaban alƙali.

Ban ce ku tafi ku ɗaga wa hedimasta murya ba. Sau da yawa bawan Allah da aljihunsa yake sayen alli. Idan aka ce a kawo kuɗi, ku tambaya cikin mutunci: na mene ne, wa ya yanke, akwai rasit? Abin da taron iyaye da malamai ya amince da shi a bainar jama'a gudummawa ce, mai hali ya bayar. Amma a kori yaro daga aji don babansa bai biya ba, wannan ba shi da gindi a doka, kuma sakataren ilimi na ƙaramar hukuma yana nan don irin wannan ƙorafi.

3. Ku shiga kwamitin makarantar unguwa.

Kowace makarantar gwamnati ya kamata tana da kwamitin al'umma da ake kira SBMC, wanda ya haɗa mai unguwa ko wakilinsa, malaman addini, iyaye maza da mata, tsofaffin ɗalibai da masu sana'a. Yawancinmu ba mu ma san ranar zamansa ba. Ga dalilin da ya sa ya kamata mu sani. Hukumar UBEC tana samun kashi 2 cikin 100 na asusun kuɗin shiga na gwamnatin tarayya, amma ba ta sakar wa jiha babban kasonta na gine-gine sai jihar ta ajiye kwatankwacinsa. Shi ya sa za ka ji kuɗi na kwance a Abuja, yara na zaune a ƙasa a ƙauye. Idan an saki kuɗin, hukumar SUBEB ta jiha ce ke ba da kwangila. Wanda zai ga ko an sa siminti ko an yi wa bango kwalliya da fenti kawai shi ne mai wucewa ta gaban makarantar kullum, wato ku. Ku karanta allon da ake kafawa a wurin aiki, ku ɗauki hotonsa, ku ƙirga azuzuwan da aka rubuta da waɗanda aka gina. Takardar koke mai sa hannun mutum 30 da hatimin mai unguwa ta fi surutun majalisar shayi na shekara guda.

4. Reno: kada babbar yaya ta biya kuɗinsa da karatunta.

Gwamnati ba ta gina mana gidajen renon yara ba, in ban da 'yan ƙalilan a wasu ma'aikatu. Renon ƙasar Hausa a bayan kaka da gwaggo da maƙwabciya yake, kuma idan waɗannan suka gaza, a kan 'yar shekara goma yake faɗawa. Sai ka ji an ce yau ba za ta je makaranta ba, uwarta za ta unguwa. Gobe ranar kasuwa ce. Jibi ta riga ta ji kunyar komawa. Mata uku ko huɗu a layi ɗaya za su iya yin karɓa-karɓa, kamar yadda ake adashe: yau yara na ɗakin wance, gobe na ɗakin wance. Sannan manufar ilimi ta ƙasa ta tanadi shekara guda ta share fage kafin aji ɗaya, abin da muke kira rabin aji, kuma firamaren gwamnati da dama suna da shi. Ku tambaya kafin ku kai kuɗi makarantar kuɗi.

Uwargida mai aikin albashi kuma ta san nata. Dokar ƙwadago ta ba ta hutun haihuwa na mako 12, shida kafin shida bayan, da aƙalla rabin albashi idan ta yi wata shida tana aikin, da rabin awa sau biyu a rana don shayarwa. Ma'aikatan gwamnatin tarayya sun fi haka samu, har maza an amince musu da kwana 14 tun 2021. Jihar Kaduna ta mayar da na matanta wata shida a 2019. A rubuta neman hutu a takarda, a riƙe kwafi. Alƙawarin baka na oga ba ya tsayawa idan aka canja oga.

5. Idan akwai 'ya mace a sakandare, a tambayi shirin AGILE.

Rancen Bankin Duniya ne da aka fara a 2020 da jihohi bakwai, ciki har da Kano, Kaduna, Katsina, Kebbi da Borno, daga baya aka ƙara wasu. Yana gyara makarantu, yana kuma ba iyaye marasa ƙarfi ɗan tallafi bisa sharaɗin yarinya tana zuwa aji. Shugabar makaranta ce ta san ko makarantarsu tana ciki. Rance ne, jikokinmu za su biya, don haka babu dalilin jin nauyin tambaya.

6. Karatun allo da takardar shaida ba kishiyoyi ba ne.

Makarantun tsangaya na zamani da aka fara buɗewa a Gagi ta Sakkwato a 2012, da yawansu sun lalace don ba a tanadi wanda zai riƙe su ba. An kafa hukumar kula da almajirai ta ƙasa a 2023, muna jira mu gani. Kafin nan, uban da ke son ɗansa ya haddace ya nemi malamin da ke kusa, yaro ya kwana gaban uwarsa, ya yi allo da asuba da yamma, boko da hantsi. Wanda ya bi layin Islamiyya kuma akwai jarrabawar hukumar NBAIS, wadda ake shiga jami'a da ita.

7. Bashin karatu: ku karɓa da ido buɗe.

An sa hannu a sabuwar dokar bashin ɗalibai a Afrilun 2024, asusun NELFUND ya buɗe shafinsa a watan Mayu. Na ɗaliban manyan makarantun gwamnati ne. Kuɗin makaranta kai tsaye ake tura wa makarantar, ɗalibi kuma yana iya neman Naira 20,000 a wata na ɗawainiya. Babu kuɗin ruwa, abin da ya kwantar wa iyaye da yawa hankali ta fuskar addini, kuma ba a neman mai tsayawa. Ana buƙatar NIN, BVN, lambar JAMB da shaidar samun gurbi, kun ga amfanin shawara ta farko. Biya yana farawa shekara biyu bayan gama bautar ƙasa, ana cire kashi 10 cikin 100 na albashi.

Ra'ayina shi ne, gidan da zai sayar da gona ko akuyar uwargida don rajista, gara ya karɓa. Amma a zaunar da yaro a gaya masa bashi ne, ba rabon ganima ba. Wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Wanda ke kwana a gida yana zuwa makaranta a ƙafa, ya karɓi na rajista ya bar na wata-wata. Idan kuma kun riga kun biya kafin kuɗin asusun su iso, ku riƙe rasit ku nemi makarantar ta maido muku. Kada ɗalibi ya bar wa mai shagon kwamfuta lambobin sirrinsa.

8. Tallafi rara ce, ba cefane ba.

Ciyar da 'yan aji ɗaya zuwa uku da aka fara a 2016 ta cika azuzuwa, aka dakatar da ita a farkon 2024, yara da yawa suka koma talla. Matasan N-Power da suka yi aure a kan Naira 30,000 sun ga yadda wata ke bin wata babu ƙararrawar banki. Shirin gwamnati yana da ranar farawa, ba ya sallama idan zai tafi. Duk abin da ya shigo ta wannan hanya a sa shi a abin da zai saura: yunifom, takalmi, 'yar tunkiya, keken ɗinki. Kuɗin littafi da na jarrabawar fita kuwa a riƙa tara su daga abin da hannu ke samarwa. Lokacin kaka, da amfanin gona ya shigo, a ware buhun makaranta tun kafin a fara lissafin biki.

9. Aiki: ba a sayen gurbi, kuma albashi ba shi kaɗai ba ne.

Duk wanda ya ce a kawo dubu ɗari biyar zai samo wa yaro takardar kama aiki a kwastan ko wata ma'aikata, ku riƙe kuɗinku. Hukumomi kan sanar da ɗaukar aiki a shafinsu da jaridu, cike fom ɗin kuma kyauta ne. Mutane nawa suka sayar da fili, suka tafi Abuja da takarda mai hatimi, aka ce musu ta bogi ce, wasu ma har aka tsare su.

Ku kuma yi lissafi. Mafi ƙarancin albashi tun Yulin 2024 Naira 70,000 ne, mai bautar ƙasa yana karɓar 77,000, kuma dokar mafi ƙarancin albashin ba ta hau kan wurin da ma'aikatansa ba su kai 25 ba, wato yawancin shagunan da 'ya'yanmu ke aiki. Ƙwararren mai haɗa sola ko gyaran waya a kasuwar Farm Centre ta Kano yana iya wuce wannan. Saboda haka duk dogon hutu a kai yaro wurin mai sana'a, mace ko namiji, a kuma nema masa shaidar gwajin sana'a ta ma'aikatar ƙwadago ko jarrabawar NABTEB, don ranar da kamfani zai ce ina takarda. Hukumar NDE da asusun ITF suna da ofisoshi a jihohi, suna kuma ɗaukar masu koyon sana'a lokaci-lokaci. A leƙa a tambayi ranar da za a buɗe.

Maigidan da ke aiki a ƙarƙashin tsarin fansho na 2014 ya riƙa duba saƙon asusunsa: ana cire masa kashi 8, wurin aiki na ƙara 10, kuma akwai masu cirewa ba su zuba ba. Idan aiki ya ƙare aka yi wata huɗu ba a samu wani ba, yana da damar cire kashi 25 na abin da ya taru. Ya kuma duba sunan magajin da ya rubuta a fom ɗin tun yana saurayi, don da yawa har yau sunan wan da ya rasu ne a wurin.