Wa Ya Bai wa Motar Asibiti Ikon a Kauce Mata a Hanya?

Tambaya: Ni direban motar haya ne, ina jigila tsakanin Kano da Zariya. Kullum muna haɗuwa da motoci masu jiniya, wasu na asibiti, wasu na ƙungiyoyi, wasu ma gawa suka ɗauko. Shin hukuma ta san da su duka? Kuma dole ne in kauce musu, ko kara ce kawai ake yi?

Amsa: Malam direba, Allah ya kiyaye hanya. Bari in fara da tambayarka ta biyu, domin ita ce ta fi gaggawa. Kaucewa dole ce. Ƙa'idojin zirga-zirgar ababen hawa na Najeriya na shekarar 2012 sun ƙayyade waɗanda aka yarda su kunna jiniya, kuma motar ɗaukar marasa lafiya da ta 'yan kwana-kwana suna cikinsu. Idan ka ji kukanta a bayanka, ka rage gudu, ka ba da sigina, ka raɓe gefe har ta wuce. Kada kuma ka bi bayanta a guje don ka ci arziƙin hanyar da aka buɗe mata, domin haka ake jawo haɗari na biyu.

Game da sanin hukuma kuwa, ayyukan agajin gaggawa ba a rana ɗaya suka sami gindin zama ba. Hukumar kashe gobara ta tarayya tana da dokarta tun 1963. Hukumar kiyaye haɗurra, wadda kuka fi kowa saninta a kan titi, an kafa ta a 1988, kuma kwashe waɗanda haɗari ya rutsa da su yana cikin aikinta. Hukumar ba da agajin gaggawa ta ƙasa, NEMA, ta zo a 1999 don ambaliya da sauran bala'o'i. Motar asibiti ce ta daɗe ba ta da uwa ɗaya. Kowane asibiti da tasa, kowace jiha da tsarinta, ƙungiyoyin addini da 'yan agajinsu suna cike giɓi gwargwadon iko.

Abin ya fara sauyawa da Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014. Sashe na 20 ya hana kowane asibiti ko ma'aikacin lafiya ƙin karɓar mutumin da ke buƙatar taimakon gaggawa, ko da wane dalili ne, kuma wanda ya saɓa zai iya fuskantar tarar naira 100,000 ko ɗaurin da bai wuce wata shida ba, ko duka biyun. Dokar ta kuma kafa asusun kula da lafiya a matakin farko, ta ware kashi 5 cikin 100 na kuɗinsa don jinyar gaggawa. A 2017 aka ƙara wata doka da ta wajabta wa asibitoci duba wanda aka harba da bindiga ba tare da jiran takardar 'yan sanda ba. Sai a 2022 Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya ta ƙaddamar da NEMSAS, tsarin da zai haɗa motocin asibiti na gwamnati da na masu zaman kansu ƙarƙashin ƙa'ida ɗaya, a tantance su, a riƙa biyansu idan sun ɗauki majinyaci.

Daga nan za ka gane cewa fenti da jiniya ba su ne ke mai da mota motar asibiti ba. Abin da ke cikinta ne: gadon kwantar da majinyaci, tukunyar iskar numfashi, kayan tsayar da jini, da ma'aikacin da ya ƙware wajen taimakon farko. Aikinta ya fara tun daga inda aka ɗauki mutum, ba sai an isa ƙofar asibiti ba. Motar da babu kowa a cikinta sai direba, sufuri kawai take yi.

Alamar jan kuros da ake mannawa barkatai ita ma tana da masu ita. Yarjejeniyar Janiba ta 1864 ce ta amince da ita don kare masu jinyar raunuka a fagen yaƙi, aka ƙara jan jinjirin wata a 1929. A Najeriya ƙungiyar Red Cross ta sami dokarta a 1960. Ba kowace mota ko kantin magani ba ne ke da hurumin ɗaga ta.

Batun gawa kuma, mamaci yana da haƙƙin girmamawa, addini ya koyar da gaggauta jana'iza, amma an tanadi jiniya ne don ran da ake ƙoƙarin cetowa. Yawan kunna ta ba bisa ƙa'ida ba shi ya sa direbobi suka daina jin nauyinta, kuma wannan ɓarna ce babba. Duk da haka, kai da ke riƙe da sitiyari ba ka ganin abin da ke cikin motar. Ƙila mai naƙuda ce jini ya ɓalle mata. Ka kauce, ka bar hukunta masu wasa da jiniya ga jami'an hanya.

Gaskiya ita ce doka ta yi gaba, aiki yana baya. Garuruwa da yawa har yanzu a Keke Napep ko bayan a-kori-kura ake kai majinyaci, kuma wajibi ne gwamnatocin jihohi su zuba kuɗi a motoci da horar da ma'aikata. Kai kuma ka adana lambobi biyu a wayarka: 112, lambar gaggawa ta ƙasa wadda kiranta kyauta ne, da 122 ta hukumar kiyaye haɗurra. Ka sanar da abokan aikinka a tasha, domin direba ne yakan fara isa wurin haɗari kafin kowane jami'i.