Darasi: Gyaran Turba Kafin Ruwa Ya Sauka

Jama'a, tun da rikicin Mubi ya koro da yawanmu zuwa yankin Gider a ƙarshen 2014, ƙafa ce motarmu. Da ita muke zuwa rijiya, gona, kasuwa da asibiti. A nan ƙasar Mayo Luti damina kan kama daga wajen Mayu zuwa Oktoba, kuma ruwan da ke gangarowa daga duwatsu yana zuwa da ƙarfi. Idan turba ta lalace, mai ciki ce da tsoho da ɗan makaranta suke fara shan wahala.

Me ke cinye turba?
Tafiyar mutane da dabbobi tana sa tsakiyarta ta lotsa. Ruwa sai ya bi wannan lotsawar, ya kwashe ƙasa, a hankali ta zama kwazazzabo. Don haka babban aikinmu shi ne kawar da ruwa daga kan hanya.

Yadda za mu yi gayya
1. Mu fara sanar da jauro ko lawan, mu gayyaci masu masaukinmu. Kada mu faɗaɗa hanya cikin gonar kowa ba da izininsa ba.
2. Mu tanadi fartanya, diga, shebur da kwanduna.
3. Mu cike ramuka da duwatsu, mu zuba tsakuwa, mu daɓe. Tsakiya ta ɗan fi gefe tudu.
4. A gangare, mu haƙa ƙananan magudanai a karkace, su kai ruwa cikin ciyawa, nesa da gidaje.
5. Inda kwazazzabo ya soma, mu jera duwatsu a gicciye, mu dasa jema ko gamba bayan ruwan fari. Saiwarsu tana riƙe ƙasa.

Mu kiyaye
Zafin Maris da Afrilu ba wasa ba ne: mu fita da asuba, mu riƙe ruwan sha. Mu juya dutse da sanda saboda kunama da maciji. Idan muka ga baƙon ƙarfe a ƙasa, kada mu taɓa, mu sanar da hukuma. Mayo kuwa idan ya kawo, mu jira ya janye, ko da ruwan bai wuce gwiwa ba.

Tambayoyin tattaunawa
Wace turba ce ta fi wahalar da matanmu bara? Wa zai riƙa duba magudanai bayan kowane ruwa mai ƙarfi? Kowace unguwa ta zaɓi ranarta ta gayya kafin Afrilu ya ƙare.